Ba a Shigo da Litinin Cikin Taro

Kutno, 6 ga Yuni, 2004

Yaya Lucyna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Italiya, da angonmu Gaetano, wanda ban sani ba sai a hoto, yana tsaye a ƙofar gidan burodinsa kamar an ce kada ya yi numfashi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ce dai ke kumbura in hadari ya haɗo, amma da kanta take hawa bene, da kanta kuma take yi mini faɗa. Aikina na nan yadda kika san shi: in shiga gidajen mutane, in durƙusa, in karanta mitar ruwa, kare ya yi mini haushi, in fito.

Katin bikinki ya iso. Mama ta jingina shi jikin tukunyar fure, duk wanda ya shigo sai ta karanta masa. Na yi murna ƙwarai, Yaya. Kakanninmu mata ne kawai suka haɗa uwa, amma kin fi mini waɗanda muka haɗa kaka da su, don ke kaɗai ke amsa wasiƙata.

Yanzu ga maganar da ta sa na yaga takardar farko. Kin rubuta a ƙasan katin cewa in zo da wadda nake so, in kuma aiko da sunanta da wuri, saboda Assunta, yayar angon, tana ɗinka sunan kowane baƙo da zare a jikin 'yar jakar alewar da za a ba shi. Na san da tsokana kika rubuta. To amma akwai wadda na yi tunani.

Kin san taronmu na watan Agusta, wanda kike kira taron masu jiran koren mutane. Har yanzu a Gorlice ake yi, a makarantar nan da ake ba mu aro lokacin hutu. Kwana huɗu muna gardama a kan littattafan jiragen taurari da mutanen ƙarfe, muna sayen tsofaffin littattafai daga akwatunan juna, muna shan shayi mara daɗi. A can na san ta. Tsatsa muke kiranta. Shekara goma sha biyu ke nan muna kwana aji ɗaya, kuma ba a taɓa wayewar gari ba mu yi gardama ba. Ita ta yarda in mutane suka koma wata duniyar za su gyaru. Ni na ce da rigimarsu za su tafi, har da ta gado.

Ban ce za ta zo ba. Ban ma tambaye ta ba. Ki dai ce wa Assunta ta ajiye jaka guda babu suna.

Ƙanenki,
Remek

Salerno, 19 ga Yuni

Remek ƙanena,

Lafiyata ƙalau, tsohuwata ma da sauƙi, jiya har ta zagi likita, alamar ƙarfi ya dawo. Gaetano na gaishe ka, ya ce ba numfashi ya riƙe ba, tumbi ya riƙe.

Kai munafuki! Shekara goma sha biyu! Ina nan ina kunna maka kyandir a coci ina roƙon Allah ya ba ɗan Gwaggo Stefa mata kafin sauran gashin ya ƙarasa zubewa, ashe kai kana can ɗaki ɗaya da mace tun ina da haƙorana duka. Wasiƙarka a tsaye na karanta ta, sai da na nemi kujera.

Ban iya riƙewa ba, na buga wa Gwaggo waya ranar Lahadi. Kada ka yi fushi. Na ɗauka layin ne ya yanke, sai na ji tana kuka, sannan ta tambaye ni ko yarinyar ta iya girki, ko kuma akwai yara. Na ce wannan kai za a tambaya.

Amma wane irin suna ne Tsatsa? Assunta ta ce ba za ta ɗinka wannan ba ko za a yanka ta. Aiko mini da sunan da aka yi mata baftisma da shi, da na gidansu. Ka kuma gaya mini garinsu, da aikinta, da shekarunta, kada ka rage mini komai.

Yayarka mai murna,
Lucyna

Kutno, 2 ga Yuli

Yaya Lucyna,

Ina gaisuwa. Ƙafar Mama ta warke sarai tun ranar da kika buga waya. Ta wanke labule, ta fito da kofunan da ba a taɓa sha da su ba tun rasuwar Baba, ta gaya wa matar bene na biyu, wadda ta gaya wa duk unguwa. Shekaranjiya ina durƙushe gaban mita a gidan wani tsoho, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe kai ma namiji ne." Na gode miki.

Laifina ne, na koma na duba abin da na kwafa a littafina na kullum, na ga yadda na rubuta. Bari in gyara dalla-dalla. Aji na ce, ba ɗaki ba. Ajin 'yan firamare ne, an tura tebura jikin bango, mutum wajen talatin kowa a kan katifarsa ta iska, maza ta gefen allo, mata ta gefen taga. Tsakanina da ita akwai taswirar duniya a kan sanda, da wani ƙato da muke kira Gemu, shugaban taron, mai minsharin da ke motsa gilashi. Iyakar abin ke nan. Na yi wa Mama wannan bayani, ta ce, "To, to," ta ci gaba da goge kofuna.

Sauran tambayoyinki kuwa, ki zauna kafin ki karanta. Ban san sunanta ba. Ban san garinsu ba, ban san aikinta ba. Ita ma ba ta san nawa ba. Agogo take kirana, don ni ke kaɗa ƙararrawa in mai jawabi ya wuce lokacinsa.

Ba sakaci ba ne. Ƙa'ida ce tun farkon taron: ba a shigo da Litinin. Duk abin da ke jiran mutum ranar Litinin, sunansa, aikinsa, maigidansa, ciwonsa, a bakin ƙofa yake ajiye shi. Katin da ke wuyanka laƙabinka kawai ke jiki. Wata shekara wani ya gane likitan da ya yi masa aiki sanye da kunnuwan roba masu tsini, bai ce uffan ba, suka ci gaba da musu a kan ko jirgin da zai yi shekara ɗari a hanya ya fi bukatar fadan coci ko kuku. Ke za ki ce hauka ne. Ni kuwa a can ne kaɗai ba wanda ya san ni da durƙuso.

Na san abubuwa da yawa game da ita. Ba ta sa sukari. In tana karatu tana motsa leɓe. Tana da shigar tsohuwar matar ƙarfe da ta ƙera da gwangwani da murfin tukunya, kowace shekara ta ƙara mata abu guda. In ta ci ni a gardama sai ta ba ni rabin burodinta. Ban san ko wannan ya isa a kai mutum biki ba.

'Yan matan da ke karɓar baƙi a ƙofa sun san sunan kowa, amma in na tambaye su, kafin azahar makaranta ta ɗauka. Kuma sata ce. In zan sani, daga bakinta nake so. Sai dai ina tsoro, Yaya. Abin da muke da shi ƙarami ne, amma yana nan lafiya. In na taɓa shi ban san me zai rage ba.

Remek

Salerno, 15 ga Yuli

Remek,

Lafiya muke. Na karanta wa Gaetano wasiƙarka ina juya masa da yarensu, ya yi dariya har ya ƙona faranti guda na burodi. Daga baya ya daina dariyar, ya ce shi ma shekara biyu ya yi yana ba ni canji kafin ya iya tambayar sunana.

Ka yafe mini maganar Gwaggo. Amma ba zan janye sauran ba. Mutumin da ya san mace ba ta sa sukari, ya san yadda leɓenta ke motsi, ba gardama yake zuwa yi ba. Shekarunka arba'in da ɗaya. Buɗe baki ka tambaya. In sun kore ka daga duniyar taurarin, ka dawo tamu, akwai wuri.

Lucyna

Salerno, 30 ga Agusta

Remek,

Ina fata lafiya. Taronku ya ƙare tun tsakiyar wata, na ƙirga. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, ba komai sai takardar wuta. Na buga wa Gwaggo, ta ce ka dawo da hannuwa jajaye kamar an dafa, ba ka cin abinci sosai, in an yi maka magana sai ka ce "uhm". Ta mayar da kofunan cikin kabad.

In ni na jawo maka, gaya mini, zan iya ɗauka. In ta ƙi ne, ba kai ne na farko ba. Assunta ta gama na kowa, saura jaka guda a kan keken ɗinkinta, kullum sai ta ɗaga mini ita ta girgiza. Rubuto ko layi biyu ne.

Yayarka

Kutno, 8 ga Satumba

Yaya Lucyna,

Gaisuwa da ban haƙuri. Lafiyata lau, hannuwan ma sun warke. Shirun ba fushi ba ne. Na kasa sanin ko labarin daɗi zan ba ki ko na baƙin ciki, har yau ban sani ba, don haka zan ba ki shi yadda ya faru, ke ki yanke.

Taron bana ya yi kyau, wannan kam. Mutane sun fi na bara. Yara masu tasowa sun zo da takubban fitila, tsofaffi suna harararsu suna cewa a zamaninsu da kwali ake yi. An yi zama a kan ko mutumin ƙarfe zai iya jin kewa, aka kusa dambe. Na samu wani littafi da na daɗe ina nema, bangonsa ya cire, mai shi ya ba ni don na taya shi ɗaukar akwati. Tsatsa ta iso ranar Alhamis da yamma, ta hango ni daga bakin ƙofa ta ce, "Agogo, ka ƙara tsufa, Allah ya sa ka ƙara hankali." Na ce, "Ke kuma an ƙara miki murfi." Bana hular kwano ta yi da tukunyar shayi, bakin tukunyar na fitowa ta ƙeya.

Na tsara komai tun a jirgin ƙasa. Zan tambaye ta ranar Asabar da safe, a baranda, bayan gardama, lokacin da take miƙo mini burodi. Har kalmomin na rubuta na haddace. Abin da ban lissafa ba, ranar ce ake zagayen shiga, gasar kayan da mutane suka ƙera, kowa ya fito karin kumallo da kayansa. Ta zo a cikin gwangwaninta tana ƙara kamar amalanken 'yan gwangwan, baranda ta cika, dole muka zauna a ɗakin cin abinci.

Na sunkuya na ce a hankali, "Ina so in tambaye ki wani abu."

Ta ƙwanƙwasa hular ta ce, "Ɗaga murya, ina cikin tukunya!"

Na ƙara kaɗan. Ta ce, "Me? Shayi?"

Sai na ɗaga da gaske, daidai lokacin da Gemu ya ɗaga hannu zai yi sanarwa, ɗaki ya yi tsit. Mutum sama da ɗari suka ji ni ina ihu: "Mene ne sunanki na gaskiya?"

Yaya, ba ki taɓa jin cokula ɗari suna dukan tebur ba. "Litinin! Litinin! Litinin!" Wani mai fuka-fukan kwali ya hau kujera. Gemu ya taso yana share hawayen dariya ya ce, "Agogo? Kai? Da an ce mini ƙararrawar ce ta yi, da na fi yarda." Hukuncin sananne ne: a ɗaura maka igiyar wuya irin ta 'yan ofis ka yini da ita, ranar tashi kuma kai ke wanke tukwanen miya. Suka ɗaura mini wata mai ɗigo-ɗigo. Ban damu ba, har na fara dariya. Sai na juya.

Ta cire hular. Ba ta dariya. Ta dube ni kamar wanda ya taka mata abu a ƙasa, ta ajiye burodin gaba ɗaya a gabana, ta tashi ta fita, gwangwanayen na ƙara har ƙarshen baranda.

Ranar nan ba ta yi mini magana ba. A zagayen shiga ta zo ta biyu, na tafa, ba ta kalli inda nake ba. Na kaɗa wa wani bawan Allah ƙararrawa tun bai kai rabin jawabinsa ba, abin da ban taɓa yi ba.

Lahadi da rana ina bayan kicin da tiyo da soson ƙarfe. Miyar kabeji ta kwana huɗu, in ta kama gindin tukunya, sai addu'a. Mutane na naɗe katifu, ana ta sallama. Sai ga ta, cikin kayan gida, riga ruwan toka, ban taɓa lura ƙarama ce haka ba. Ta kife bokiti ta zauna.

"Ba haka ake yi ba," ta ce. "Jiƙa ta tukuna, sarkin gaggawa."

Na jiƙa. Muka zauna muna kallon ruwa.

"Don me?" ta ce.

Na gaya mata. Bikinki, Assunta, jakar alewa, har da kofunan Mama, don na rikice. Ta ɗan murmusa a wajen kofunan, sannan ta ce, "Ka san mene ne sunana a gidanmu? Ƙararrawa ce. Uwata ta shekara goma sha uku a kwance, ɓarin jikinta ya mutu. Bakin ne kawai bai mutu ba. Daga asuba take kira. Ruwa, sunana. Juya ni, sunana. Ba komai ma, sunana, don ta ji ko ina nan. Ina ɗinkin labule a ɗaki na kusa, ƙafata a kan keke, kunnena a bango. Yayana na karɓata kwana huɗu a shekara, ya kuma tabbatar na san alheri ya yi. Kwana huɗun nan ne ba wanda ya san sunan nan. Sai kai, da ƙaton bakinka."

Na ce ta yafe mini, na janye tambayar.

"Ba a janye ta," ta ce. "Ka riga ka yi. Jiya ban ji daɗin komai ba, ina cikin tukunya ina tunanin ko an ba ta maganinta."

Na kama soso. Can sai ta naɗe hannun riga ta karɓe shi, ta ce ina yi kamar mai shafa kyanwa. Gemu ya leƙo da jakarsa a kafaɗa ya ce, "Ke kuma Tsatsa, me kika yi?"

"Yanzu zan yi," ta ce. Ba ta ɗago daga tukunyar ba. "Aldona Szarek. Daga Radom."

Gemu ya toshe kunnuwa da yatsu ya ce, "Ban ji ba, ban ji ba," ya juya da sauri har jakarsa na dukan ƙofa.

Na ce, "Remigiusz. Remek. Mitar ruwa nake karantawa."

"Wallahi ka yi kama," ta ce.

Maganar biki kuwa, ga yadda take. Kwanakinta na bana sun ƙare. In ta zo bikinki, zuwa da komowa kwana biyu, yayanta zai cire su daga na baɗi. Wato rabin taronta za ta bayar don ta zauna cikin baƙi ta ci alewa. Ta ce za ta yi tunani. Ta rubuta mini lambar waya a bayan katin wuyanta, ta ce kada in kira da rana tsaka, lokacin ne tsohuwar ke ɗan runtsawa.

Ban kira ba. Kullum sai na ɗauki wayar in ajiye. Ina ganin na riga na ɗauke mata abu guda, yanzu kuma ina neman rabin abin da ya rage. Ki ce wa Assunta ta yi haƙuri, ko ta ba wani jakar.

Remek

Salerno, 17 ga Satumba

Remek ƙanena,

Muna lafiya. Na karanta, na yi dariya a wajen tukunya, na yi kuka a wajen bokiti.

Saurara, don nan fagena ne. Shekara tara ina juya tsofaffi a gado. Matar nan ba biki take bukata ba, ba alewa ba, ba ma kai ba tukuna. Barci take bukata. Barcin da za ta yi ta san akwai wani kunnen a bango ba nata ba. Kana zaune kana lissafin abin da ka ɗauke mata, ba ka tambayi abin da za ka kai ba.

Kana da Lahadi. Akwai jirgin ƙasa zuwa Radom. Ba a ce ka iya komai ba: ruwa da cokali, a ɗaga kai kafin a ba ta, in ta yi faɗa ka ce "haka ne, Mama". Ka saba da wannan a gida.

Manta da jakar. Na ƙwace ta daga hannun Assunta na sa a aljihuna. In an zo an zo, in ba a zo ba ni zan cinye.

Lucyna

Kutno, 28 ga Satumba

Yaya Lucyna,

Gaisuwa mai yawa. Mama lafiya, tana gwada rigar da za ta sa a bikinki, ta ce tela ya rage mata, ba ita ta ƙaru ba. Ni ma lafiya.

Na kira. Na faɗi abin da kika ce, kusan kalma da kalma, don ban amince da nawa ba. Ta ce, "Wa ya koya maka?" Na ce yayata. Ta ce, "Na san ba kai ba ne." Amma ta ba ni kwatance.

Na je shekaranjiya. Bene na huɗu, ɗaki biyu, ko'ina yadin labule. Matar ƙarfen na rataye bayan ƙofa cikin leda, hular a kan kabad. Na kai kek ɗin tuffa da Mama ta gasa, ban gaya mata na wane ne ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai dai ta sa shi a farantin baƙi.

Tsohuwar 'yar mitsitsiya ce, idanu kamar na shaho. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne na wajen mahaukatan?"

Na ce, "Haka ne, Mama."

"Me ka iya?"

Na ce na iya karatu. Littafin nan mara bango ne a aljihuna, shi na fito da shi. Aldona (kin ga, na rubuta, hannuna bai saba ba tukuna) ta nuna mini kofi da cokali da yadda ake tallafar kai, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce ta je. Ta ce ba za ta iya barci da rana ba, za ta dai miƙe ƙafa. Kafin in gama shafi na biyu na ji numfashinta ta bango ya canza.

Labarin wasu mutane ne da jirginsu ya lalace a wata duniya mai rana biyu, inda dare ba ya yi. Tsohuwar ta ce ƙarya ne. Ta ce kyaftin ɗin sakarai ne, tun farko matar nan mai gyaran inji ya kamata a ba ragama. Ta tambaya me suke ci. Da na ce ba a faɗa ba, ta ce marubucin bai taɓa riƙe gida ba. Na ba ta ruwa, rabi ya zube a wuyanta, ta kira ni da wani suna da ba zan rubuta miki ba. Na ce haka ne.

Da yamma Aldona ta fito, fuska duk shatin matashi, ta tsaya tana kallonmu kamar ba ta san gidan ba. A wajen rakiya, a kan matakala, ta ce in gaya miki a ɗinka sunan, za ta zo, yayanta ya cire abin da zai cire. Na fara cewa ba sai ta yi ba. Ta ce, "Agogo, kwanakina ne, ni ke rabawa." Ta kuma kafa sharaɗi: a Gorlice ita Tsatsa ce, ni Agogo, in na kuskura na tambayi jikin uwarta a can, da hannunta za ta ɗaura mini igiyar. Na yarda. To ki fito da jakar daga aljihu, in ba ki cinye ba. Aldona, yadda ake faɗa haka ake rubutawa.

Abu guda ban gaya mata ba, ke zan gaya wa. Aldona na cikin barcin nan, na tsaya in juya shafi, sai tsohuwar ta buɗe baki ta ƙwala kira, "Aldona!" Ba don komai ba, don ta ji ko tana nan. Na kasa kunne a bango. Numfashin bai canza ba.

Na ce, "Tana barci, Mama. Ni ne a nan."

Ta juyo da idon nan ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta ce, "To me ka tsaya yi? Mutane na can rana na cin su. Karanta."

Na karanta.

Ƙanenki,
Remek